WALIYIYA LIDIYA, MAI SAYAR DA SHUNAYYA

     

Yau zancenmu a kan wata 'yar kasuwa ne, sunanta Lidiya. Ran 20 ga watan Mayu ne ikilisiya ta kan tuna da ita. Amma bari in fara gaya muku abin da ya sa na ɗauko labarinta.

Wata rana bayan karatun katikisma, wata baiwar Allah mai sayar da hatsi ta tsaya, sai da kowa ya watse. Ta ce, "Malam, kullum kana cewa kowane mai bi ya ba da shaidar Almasihu. To, ni ban yi makaranta ba, ban iya wa'azi ba. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida. In kuma gaya maka gaskiya, ran kasuwa na kan tura gicciyena cikin riga, don kada masu sayen hatsina su gudu. Marayu uku na ke ciyarwa." Ban yi mata faɗa ba, gama tsoronta ba na banza ba ne. Na ce, "Inna, ki ba ni mako guda." Wannan jawabi shi ne amsar da na kai mata, na kuwa san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba.

GARINTA DA SANA'ARTA

Labarin Lidiya yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 16. Mutuniyar Tiyatira ce, wani gari a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda yanzu a ke kira Akhisar. Yankin da garin ya ke, shi ma sunansa Lidiya. Saboda haka waɗansu masana suna ganin sunan nan nata laƙabi ne, kamar yadda mu kan ce da mace Bakatsiniya ko Bagobira, har sunan yanka ya ɓace. Ku 'yan kasuwa, ya kamata ku san wannan ƙasa, gama a can ne aka fara buga kuɗin ƙarfe da hatimin sarki, wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu.

Tiyatira garin marina ne. Har yau akwai duwatsu da aka tono a wurin, masu rubutu a kai, suna ambaton ƙungiyar marinan garin. Wanda ya taɓa ganin karofin Ƙofar Mata a Kano ya san irin wannan wuri, ya san warinsa, ya san hannun marini. Amma su ba da baba su ke rininsu mai suna ba. Launin da su ke fitarwa shi ne shunayya, watau tsakanin ja da shuɗi.

Shunayya iri biyu ce. Akwai wadda a ke samu daga saiwar wani tsiro, ita ce mai sauƙin kuɗi. Akwai kuma ta ainihi, wadda a ke tatsa daga wata irin katantanwa ta teku. A shekarar 1909 wani masani a Turai, Paul Friedländer, ya gwada. Ya tara katantanwa 12,000, abin da ya samu na tsantsar launi bai wuce giram 1.4 ba, kamar nauyin ƙwayar gyaɗa uku. Kun ji dalilin tsadarta. A shekara ta 301, sa'ad da Sarkin Roma Diyokiletiyan ya yanka wa kaya farashi, ya sa laba guda ta alharinin da aka rina da shunayya a kan dinari 150,000, ɗan ƙodago a gona kuwa dinari 25 a yini. Ku lissafa. Sai mutum ya yi ƙodago kwana 6,000, fiye da shekara 16, bai ci ko kwabo ba, kafin ya sayi laba ɗaya. Tufar sarakuna ce da manyan masu mulki.

Wannan ita ce hajar Lidiya. Ta baro garinsu, ta haye teku, ta zauna a Filibi ta ƙasar Makidoniya, a arewacin Girka ta yau. Baƙuwa ce a wurin, kamar yadda yawancinmu baƙi ne a inda mu ke. Tana da gida, tana da mutane a ƙarƙashinta, Littafi kuwa da sunanta ya ke kiran gidan.

Me ya kai ta Filibi? Abin da ya kawo kakanninmu Gwanja, watau hanya da masu saye. Filibi tana kan babbar hanyar Romawa mai suna Egnatiya, wadda ta tashi daga bakin teku a yamma ta bi har Bizantiyom, inda Istanbul ta ke a yau, tafiyar wajen mil 700. Sarki Filibus, uban Iskandari Mai Girma, shi ya sa wa garin sunansa a shekara ta 356 kafin Almasihu. A shekara ta 42 kafin Almasihu aka yi wani babban yaƙi a filin garin, bayansa aka zaunar da tsofaffin sojan Roma a ciki. Tun daga nan mutanen Filibi su ke alfahari su Romawa ne. Inda a ke son girma, a nan mai shunayya ta ke kasa kayanta.

A BAKIN KOGI

Lidiya ba Bayahudiya ba ce, amma ta riga ta bar gumaka, tana sujada ga Allah ɗaya tare da Yahudawa. Tana da jari, tana da riba, duk da haka ran Asabar ta kan bar ciniki ta tafi wurin addu'a.

Wajen shekara ta 50, Manzo Bulus yana Taruwasa, a bakin teku. Da dare ya ga wahayi, wani mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya haye ya taimake su. Sai ya shiga jirgin ruwa tare da Sila da Timoti da Luka. Suka kwana a tsibirin Samutaraki, kashegari suka sauka a Niyabolis, wadda yanzu a ke kira Kabala. Daga nan suka hau tudu, tafiyar wajen mil 10, suka shiga Filibi.

Al'adar Bulus ita ce ya fara zuwa majami'ar Yahudawa. Bisa ga ƙa'idar Yahudawa kuwa, sai maza goma sun hallara a ke yin addu'ar jam'i. Masana da yawa suna ganin a Filibi ba a sami goman nan ba, shi ya sa a ke taruwa a bayan gari. Ran Asabar Bulus da abokansa suka fita ƙofar gari, suka nufi bakin kogi. Namiji ya gani a wahayi, amma da ya isa, mata ya tarar. Bai raina su ba. Ya zauna, ya yi musu magana a kan Yesu, mutuwarsa da tashinsa.

Lidiya tana cikinsu, tana kasa kunne. Littafi ya nuna mana Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Aka yi mata baftisma, ita da mutanen gidanta. Ita ce ta fari da Littafi ya ambata da suna cikin waɗanda suka ba da gaskiya ta bakin Bulus a ƙasar Turai.

A nan sai in ɗan tsaya. Sau da yawa a kan ce da mu a kasuwa, "Kun bi addinin Turawa." To, ku duba. Bulus Bayahude ne daga Tarsus, Lidiya daga Tiyatira, dukansu biyu ba 'yan Turai ba ne, baƙi ne a can. Tun kuma a sura 8 an riga an yi wa wani mutumin Afirka baftisma, ma'ajin sarauniya Kandake, sarautar da ke mulki a Meroe, a bakin kogin Nilu cikin Sudan ta yau. Turawa ma kai musu aka yi.

Da Lidiya ta fito daga ruwa, abin da ta fara yi shi ne ta roƙi baƙin nan su sauka a gidanta. Ta ce in dai sun yarda ita mai bi ce ta gaskiya, su zo. Ta matsa musu har suka yarda. Kun san yadda 'yar kasuwa ta ke in ta riƙe mai saye, ba ta sakinsa da sauƙi. Haka ta riƙe manzanni.

Mu mutanen zango mun san mai masauki. Falke ya kan iso da huhun goro ko da shanu, bai san kowa ba, bai iya harshen gari ba. Mai gida ne ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. In babu mai gida, babu fatauci. Lidiya ita ce ta zama mai masaukin bishara a Filibi.

WAƊANSU 'YAN KASUWA DABAM

Cikin surar nan akwai waɗansu masu neman kuɗi kuma, ya kamata mu sa su kusa da Lidiya mu gwada. Suna da wata baiwa, yarinya mai aljanin duba, tana samo musu kuɗi da yawa. Kwana da kwanaki tana bin Bulus tana ihu. Da abin ya ishe shi, ya umarci aljanin da sunan Yesu Almasihu ya rabu da ita, ya kuwa rabu da ita nan take.

Yarinya ta warke. Iyayengijinta suka yi murna? Ko kaɗan. Abin da suka gani shi ne hanyar cinsu ta toshe. Suka kama Bulus da Sila, suka ja su har tsakiyar kasuwa, gaban mahukunta. Ba su ce an kashe musu ciniki ba. Suka ce mutanen nan Yahudawa ne, suna ta da hankalin gari, suna koyar da al'adun da ba su halatta ga Romawa ba. Haka mai son kuɗi ya kan yi, ya ɓoye aljihunsa a bayan addini da ƙabila. Taro ya tashi. Aka tuɓe su, aka yi musu dūka da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu.

Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabon Allah, sai ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Yari ya zaci 'yan sarƙa sun gudu, ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ya hana shi. A daren nan yarin ya wanke musu raunukansu, aka yi masa baftisma shi da iyalinsa, ya kawo musu abinci. Da gari ya waye mahukunta suka ji waɗanda suka dūka ba tare da shari'a ba suna da 'yancin Romawa. Tsoro ya kama su, suka zo da kansu suka ba su haƙuri, suka roƙe su su bar garin.

ƘOFAR DA BA A RUFE BA

Yanzu ki sa kanki a matsayin Lidiya, 'yar'uwata. Su wane ne masu sayen shunayya? Ba talakawa ba. Mahukuntan nan ne da matansu, da manyan garin da suka tsaya a kasuwa jiya suna kallo. Kuma a wajen shekarun nan ne Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin Roma, saboda haka sunan Bayahude ba abin da mai ciniki zai so a haɗa shi da shi ba ne. Kowa a Filibi ya san inda baƙin nan su ke kwana. Da Lidiya ta aika yaro ya tare su a hanya, ya ce uwar gida ta gaishe su, amma su wuce, wa zai ga laifinta? Ita ma baƙuwa ce, tana da mutanen da ta ke ciyarwa.

Amma aya ta ƙarshe ta surar ta nuna mana da suka fito daga kurkuku, gidan Lidiya suka nufa, suka shiga. Da tsakar rana, da bayansu duk sawun sanda, ƙofar tana buɗe. A ciki kuwa suka sami 'yan'uwa, suka ƙarfafa su, kāna suka tafi. Ku lura da wannan. Ran da Bulus ya zo, 'yan mata kaɗan ya tarar a bakin kogi. Ran da zai tafi, ya bar ikilisiya a cikin gidan 'yar kasuwa.

Ba a rubuta mana wa'azin Lidiya ko ɗaya ba. Abin da aka rubuta shi ne ta saurara, ta karɓi baftisma a fili, ta kawo mutanen gidanta, ta buɗe ƙofa, ba ta kuwa rufe ta ba ran da buɗewar ta zama da haɗari.

Ikilisiyar nan ta ɗauki halin gidan da aka haife ta. Bayan shekaru Bulus ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙa daga kurkuku. A sura 4 ya tuna musu, sa'ad da ya bar Makidoniya su kaɗai ne suka yi tarayya da shi wajen bayarwa, har a Tasalonika sun aika masa da taimako fiye da sau ɗaya. Da suka ji yana ɗaure kuma, suka aiki Abafaroditas da gudummawa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Birnin Filibi yau kufai ne. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi suna zuwa kallon duwatsun kasuwar da aka ja Bulus. Amma a bakin ƙoramar da ke kusa an gina ɗakin baftisma da sunan Lidiya, har yanzu kuwa a na yi wa mutane baftisma a wurin. Mahukuntan da suka sa a yi dūka, Littafi bai ko ambaci sunansu ba.

ABIN YA ZO KANMU

Wani zai ce, don me mu ke girmama waliyai? Ku ji da kyau. Ba mu yi wa Lidiya sujada, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Muna tunawa da ita kamar yadda a ke tunawa da kaka ta gari a cikin zuriya, muna gode wa Allah saboda ita, muna roƙo ta yi mana addu'a, muna kuma ƙoƙarin bin sawunta. Wanda ya yi bikin waliyi ya ci shinkafa ya koma gida da halinsa na dā, bai girmama kowa ba.

To, yaya ɗan kasuwa zai bi sawunta?

Ka fara da mudunka. Kafin maƙwabcinka ya ji abin da ke bakinka, ya riga ya ga abin da ke hannunka. In ka bubbuga gindin mudu ya shige ciki, in kana saye da babba kana sayarwa da ƙarami, in ka zuba tsakuwa a wake ko ruwa a mai, in ka sa manyan goro a bakin huhu ka ɓoye masu tsutsa a ƙasa, to, ka yi shiru da sunan Yesu, kada ka jawo masa zagi. Amma in makaho ya aiko yaro rumfarka don ya san ba za a cuce shi ba, ka riga ka fara wa'azi. Bashin da ka ɗauka ka biya ran da ka ce. Kuɗin adashi ka zuba a kan lokaci.

Sa'an nan gidanka. Lidiya ba ta je bakin kogi ta dawo ta yi shiru ba. Yaran da ke ɗaukar maka kaya, da yarinyar da ke miki talla, da 'ya'yan cikinka, sun taɓa jin ka yi addu'a? Kana biyansu hakkinsu? Kana barinsu su huta? Ba a tilasta wa kowa baftisma, amma bai kamata wanda ya shekara biyar a gidan Kirista ya fita bai san abin da Kirista ya gaskata ba.

Sa'an nan ƙofarka. Ba sai kana da soro ba. Tabarma ɗaya da kofin ruwa sun isa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai baƙon da ya sauka tasha da dare bai san kowa ba. Akwai wanda danginsa suka kore shi. Akwai masu bi uku ko huɗu a unguwarku da ba su da wurin addu'a. Ikilisiyar Filibi ba ta fara da hasumiya da ƙararrawa ba.

Daga ƙarshe, bakinka. Ran da wani ya tambaye ka, ka amsa. Ba a ce ka hau tebur a tsakiyar kasuwa ba. Ba a ce ka zagi addinin kowa ba. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, tare mu ke ciniki, tare mu ke zaman makoki da na suna, da yawa cikinsu kuwa sun fi mu riƙon amana. Ka girmama su. Amma in maƙwabciyarki ta ce, "Me ya sa ba ki rama ba da aka zage ki?" kada ki ce halinki ne kawai. Ki faɗi sunan wanda ya koya miki, wanda ya mutu dominki ya kuma tashi. Magana biyu ko uku cikin ladabi sun isa.

Na ce za mu komo kan buɗe zuciya. Bulus ya yi magana, amma ba shi ya buɗe zuciyar Lidiya ba. Wannan ya sauke mana kaya mai nauyi. Ba a ɗora maka juyar da kowa ba, ba kuwa za ka iya ba. Naka shi ne ka kasa haja mai kyau a fili, kada ka ɓoye ta a ƙarƙashin tebur. Mai kawo masu saye, Allah ne.

Ba zan ruɗe ku ba, in ce ba za a yi hasara ba. Mai yiwuwa ne wani ya ga gicciye a wuyanki ya wuce rumfar gaba. Lidiya ma ta san haka sa'ad da ta bar ƙofarta a buɗe. Shi ya sa maganar nan ba ta mai hatsi kaɗai ba ce, ta dukanmu ce. In 'yar'uwa ta yi hasara saboda sunan Almasihu, sauran masu bi kuma suna kallo, ba su sayi ko mudu ɗaya a wurinta ba, ba su tambayi abin da marayunta suka ci ba, to, laifin yana wuyanmu. Filibiyawa ba su bar Bulus da yunwa ba.

Abin da na gaya wa innar nan ke nan. Na ce mata, "Inna, ban ce ki fitar da gicciyen gobe don ki faranta mini rai ba. Ki yi addu'a, ki cika mudunki, ran da aka tambaye ki kuma kada ki yi musun Ubangijinki. Mu ma za mu tsaya tare da ke." Ta yi shiru, ta ɗaura gyalenta, ta ce za ta yi tunani. Ku sa ta cikin addu'a, ita da duk masu irin nauyinta.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka buɗe zuciyar baiwarka Lidiya a bakin kogi. Ka buɗe tamu. Ka tsarkake mudunmu da bakinmu. Ka ba mu ƙarfin hali mu bar ƙofa a buɗe, ka ciyar da marayu da gwauraye, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Muna roƙo ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Waliyiya Lidiya, ki yi mana addu'a.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba Ayyukan Manzanni sura 16 a wannan mako. In ka gama da takardar nan kada ka ƙunsa gyaɗa da ita, ka miƙa wa na kusa da kai. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.